Jinyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Intanet

Jinyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta intanet ita ce ganawa tsakanin mai fama da ciwon damuwa, ko fargaba, ko wata matsala makamanciyarsu, da ƙwararren da zai duba shi, alhali kowa yana inda yake. Ana yin ta ta kiran bidiyo, ko kiran murya, ko musayar saƙonni, ko ta darussan da aka shirya a cikin manhaja. Ma'aikata iri biyu ke yin aikin, kuma mutane kan cuɗa su. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya karanci likitanci sannan ya ƙware a wannan fanni, shi ne mai tantance ciwo da rubuta magani. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam da mai ba da shawara, waɗanda maganinsu tattaunawa ce, kuma a mafi yawan ƙasashe ba sa rubuta ƙwaya.

Asali

Abin ya girmi intanet da shekaru masu yawa. A 1959 cibiyar kula da masu taɓin hankali ta Nebraska a Amurka ta fara amfani da talabijin mai ɗauke da hoto da murya daga ɓangarori biyu, a 1964 kuma aka haɗa ta da asibitin Norfolk, mai nisan kusan kilomita 180, domin likitocin birni su riƙa duba majinyatan can. A farkon shekarun 2000 jami'ar ƙasa ta Ostareliya ta fitar da MoodGYM, darussan koyar da kai na rage damuwa. Kamfanonin kasuwanci sun biyo baya, Talkspace a 2012 da BetterHelp a 2013, dukansu a Amurka.

Annobar korona ce ta fito da shi sarari. Da aka kulle garuruwa a 2020 asibitoci suka koma waya dole, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Tun kafin nan, a ƙiyasin hukumar, a 2019 mutum miliyan 970 ke ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, wato ɗaya cikin takwas, miliyan 301 daga cikinsu masu fargaba, miliyan 280 masu ciwon damuwa.

Yadda ganawa take gudana

Yawanci mutum zai yi rajista, ya faɗi abin da ke damunsa, sai a ba shi tambayoyin gwaji. Biyu sun fi shahara: PHQ-9 mai tambayoyi tara a kan ciwon damuwa, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 27, da GAD-7 mai tambayoyi bakwai a kan fargaba, daga 0 zuwa 21. Dukansu suna tambaya ne game da makonni biyun da suka wuce. Maki 10 zuwa sama alama ce ta a zauna a bincika, amma maki kaɗai ba ya tabbatar da ciwo. Wanda aka yi wa rasuwa makon jiya zai iya samun maki mai yawa alhali jimami ne yake yi.

Zaman tattaunawa kan ɗauki minti 45 zuwa sa'a guda, galibi sau ɗaya a mako. Hanyar da aka fi bi ita ce gyaran tunani da ɗabi'a, wadda aka sani da CBT, da likita Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Ana koya wa mutum ya kama tunanin da ke faɗo masa kafin ransa ya ɓaci, irin su "ni ba ni da amfani" ko "lallai wani mugun abu zai faru", ya auna shi da hujja, sannan ya koma a hankali ga ayyukan da ya daina yi. Hanyar tana da darasi da aikin gida, shi ya sa ta shiga waya cikin sauƙi. Bincike da dama sun nuna cewa ga ciwon damuwa da fargaba marasa tsanani, sakamakon CBT ta bidiyo ko ta manhajar da ƙwararre ke bibiya ya yi kusa da na ganawar ido da ido. Manhajar da aka bar mutum da ita shi kaɗai kuwa, akasarin masu saukewa ba sa kai ƙarshenta. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ciwon damuwa kansa kashe himma yake yi.

Ban da ciwon damuwa da fargaba, ana duba rashin barci, firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, waswasin maimaita abu, damuwar da ke kama mai jego, da rikicin ma'aurata. A Ingila tsarin gwamnati da aka fara a 2008, wanda tun 2023 ake kira NHS Talking Therapies, yana barin mutum ya miƙa kansa kai tsaye ba sai likitan unguwa ya tura shi ba, kuma kyauta ne.

Batun magani

Likitan ƙwaƙwalwa na iya rubuta magani bayan ganawar bidiyo, majinyaci ya saya a kantin magani na kusa. Magunguna irin su sertraline da fluoxetine da amitriptyline ba sa aiki nan take. Sukan ɗauki makonni biyu zuwa shida kafin a ga sauyi, kuma ana shawartar a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. Yanke su lokaci guda na iya kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon. A nan bibiya ta waya take da amfani ƙwarai, don a makonnin farkon nan ne mutane da yawa ke ajiye magani suna cewa bai karɓe su ba.

Akwai abin da kyamara ba ta iya yi. Ba ta auna hawan jini, ba ta ɗibar jini, alhali ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki kan zo da alamomi irin na damuwa. Mai shan maganin lithium dole a riƙa gwada jininsa. Magungunan da jiki ke sabawa da su, kamar diazepam, doka ta fi tsananta a kansu. A Amurka dokar Ryan Haight ta 2008 ta wajabta ganin likita ido da ido kafin a rubuta irinsu ta intanet. An sassauta ta a lokacin korona, kuma a 2022 hukumomi suka buɗe bincike a kan yadda Cerebral, kamfanin jinyar ƙwaƙwalwa ta intanet, ke rubuta su, har ya dakatar.

Wanda ke tunanin kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya rikice ba ya barci kwana da kwanaki, ko ya bar shan ƙwaya ko giya jikinsa na karkarwa, asibiti ya kamata a kai shi da gaggawa. Shi ya sa ƙwararren kirki ke tambayar adireshin majinyaci da lambar wani na kusa da shi tun a zaman farko. A Amurka akwai layin gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa, 988, tun Yulin 2022, a Najeriya kuma lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Sirri da lasisi

Abin da majinyaci ya faɗa a manhaja yana zama bayani a kwamfutar kamfani. A 2023 BetterHelp ya amince ya biya dala miliyan 7.8 bayan hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta zarge shi da miƙa bayanan abokan hulɗarsa ga Facebook da Snapchat domin talla. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, wadda ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Lasisi ma yana da iyakar ƙasa: a Amurka ana buƙatar ma'aikaci ya zama yana da izinin aiki a jihar da majinyacin yake zaune, a Najeriya kuma likita sai da rajistar hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN. A kafafen sada zumunta kowa na iya kiran kansa ƙwararre, don haka tambayar lambar rajista ba rashin kunya ba ce. Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, ko da sun iya lallashi, ba su da lasisi, ba kuma wanda za a tuhuma idan sun ba da gurguwar shawara.

A ƙasar Hausa

Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 tana da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa kacal, mafi yawansu a manyan birane. A arewa manyan wuraren zuwa su ne asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulki. Ƙungiyoyi irin su Mentally Aware Nigeria Initiative da She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016, sun yi amfani da waya da intanet wajen sauraron masu neman taimako.

Babban abin da ke jan mutane ga waya a nan shi ne sutura. Sunan Dawanau ko Kware ya zama abin zolaya a bakin jama'a, kuma gidan da ke da budurwa na tsoron a ga an shiga da ita can, kada maganar aure ta lalace. Sai dai suturar ba ta cika samuwa ba. A gidan yawa da wuya a sami ɗakin da za a yi sa'a guda ana magana ba wanda ya ji, kuma mata da yawa waya ɗaya suke amfani da ita da maigida ko da 'ya'yansu. Ga kuɗin data, ga caji, ga sabis mai ɗaukewa ana tsakiyar magana. Saboda haka kiran murya da saƙon murya na WhatsApp sun fi bidiyo dacewa da yanayin, duk da cewa likita yana rasa ganin fuska.

Harshe ma wani shinge ne, domin akasarin manhajojin da Turanci suke. Kalmar damuwa a Hausa ta ɗauki ɓacin ran yini ɗaya, ta ɗauki ciwon wata shida. Majinyaci kuma sau da yawa da jiki yake bayyana ciwonsa: kaina yana zafi, ƙirjina ya yi nauyi, gabana yana faɗuwa, wani abu na yawo a jikina. Da yawa sun riga sun je wurin malami an yi ruƙiyya ko an sha rubutu kafin su nemi likita, wasu kuma suna haɗa biyun. Ma'aikacin da ya san haka yakan tambayi abin da aka riga aka gwada da abin da ake sha yanzu, har da jiƙo da saiwoyi, kafin ya rubuta nasa maganin.