Dillancin Gidaje da Filaye a Karkarar Kano da Jigawa

Dillancin gidaje da filaye sana'a ce ta shiga tsakanin mai sayarwa da mai saye, a haɗa su, a daidaita farashi, sannan a karɓi la'ada idan ciniki ya faɗa. A karkarar Kano da Jigawa sana'ar ba ta da ofis, ba ta da lasisi. Dillali mutumin gari ne, sau da yawa manomi ne ko ɗan kasuwa, wanda jama'a suka sani da sanin gonaki da masu su. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa wani ɓangare na sana'ar ya koma hannun manyan kamfanoni masu ba da hayar sunansu ga ƙananan ofisoshi. A ɓangarorin biyu tambaya ɗaya ce ke tasowa tun da waya da intanet suka shiga hannun kowa: me zai hana mai gida ya sayar da kayansa da kansa, ya riƙe kuɗin la'adarsa?

Yadda ciniki ke gudana

Mai son sayar da gona ko kango ba kasafai yake shela ba, domin sayar da gona a ƙauye abu ne da ake jin nauyinsa. Yana nuna cewa buƙata ta matso: bikin 'ya, rashin lafiya, bashi, kujerar Makka, ko rabon gado. Sai ya kira dillali gefe ya faɗa masa, shi kuma ya sa magana a kunnen waɗanda ya san suna riƙe da kuɗi. Wannan rufin asiri yana cikin abin da ake biyan la'ada dominsa, ko da ba a ambata ba.

Idan an sami mai so, sai a je gani da ido. A nan ake gane dillalin ƙwarai. Zai bi iyaka da ƙafa, ya nuna layin gamba da ya raba gonar da ta maƙwabci, ya nuna kukar da ke kusurwar gabas, ya faɗi inda ruwa ke kwanciya da damina da inda burtali ya ratsa. Zai ce wannan gefen jigawa ce, gero da gyaɗa take so, can ƙasa kuma akwai damshi. Mai saye ya taya. Idan tayin bai kai ba mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga kai-komo, ya ja wannan gefe ya ce masa ya ƙara, ya ja wancan ya ce ya sassauta, har mai kaya ya ce ya sallama. Akan ba da kafin alƙalami don a riƙe cinikin, a sa ranar cika kuɗi.

Ranar biya ake taruwa a zauren mai unguwa ko na dagaci. A kira maƙwabtan gona ta kowace kusurwa, a rubuta takarda da sunan mai sayarwa da mai saye da iyakoki huɗu da adadin kuɗi, shaidu su sa hannu ko su dangwala yatsa, dagaci ya buga hatimi. Babban ciniki yakan kai gaban hakimi.

La'ada ta danganta da al'adar gari da abin da aka yi magana tun farko. Wani wuri mai saye ke biya, wani wuri kowane ɓangare ya ba da nasa. Matsalar da ta fi damun masu kaya ita ce dogon layin dillalai: wanda ya ji labari ya faɗa wa wani, shi ma ya faɗa wa wani, kowa yana jiran kasonsa. In an yi magana a kan kashi 5 cikin 100 a filin naira miliyan 4, la'ada ta zama naira 200,000, kuma in mutum biyar za su raba ta ba wanda zai ga abin kirki. Daga nan ake samun ɗora riba a ɓoye, a ce wa mai saye miliyan 4 da rabi, a ce wa mai kaya miliyan 4, a hana su haɗuwa har a gama. Wannan ɗabi'a ita ta fi komai zubar da mutuncin sana'ar.

Doka da shari'a

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen da aka ayyana na birni gwamna ke ba da shaidar mallakarsu, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izinin zama na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo. A bisa dokar, abin da mutum ke sayarwa haƙƙin amfani da ƙasa ne, kuma sauya hannu yana buƙatar amincewar hukuma. Tsarin ba sabo ba ne a Arewa, ya gaji Dokar Mallakar Ƙasa ta 1962. A aikace dai, a yawancin ƙauyukan ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa, takardar dagaci da bakin shaidu su ne hujjar da mutane ke riƙe da ita.

Akwai hukumar rajistar masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja ta 1975, amma mambobinta a birane suke aiki, tare da bankuna da ma'aikatu. Dillalin ƙauye ba ya cikin lissafinta.

Ta fuskar fiƙihu dillanci halal ne. Imam Bukhari ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba, kuma Ibn Abbas ya halatta a ce wa mutum ya sayar da tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza nasa ne. Sharaɗin a nan shi ne mai kaya ya sani kuma ya yarda, wanda shi ne ya raba wannan da ɗora riba a ɓoye. An haramta najashi, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba, don kawai ya zuga farashi. Hukunci biyu na mazhabar Malikiyya suna yawan tasowa a kotunan shari'a kan wannan batu. Na farko shufu'a: wanda ke da tarayya a gida ko gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin karɓe kason da abokin tarayyarsa ya sayar wa bare, ya biya kuɗin da aka saya. Na biyu hauzi: wanda ya riƙe fili shekara 10 yana amfani da shi, mai da'awa yana gari yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, da'awarsa takan faɗi, sai dai tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo. Mai sayen gonar gado da bai binciki ko an raba ta ba, ya sayi rigima da kuɗinsa.

Hayar sunan kamfani

Tsarin da ake kira farancayis shi ne babban kamfani ya ba ɗan kasuwa mai zaman kansa izinin aiki da sunansa da tambarinsa da tsarin aikinsa a wani yanki. Mai karɓa yana biyan kuɗin shiga, sannan yana ba da wani kaso na abin da ya samu. Ofis nasa ne, riba da asara nasa ne, suna kawai ya ara. Mafi kusa da wannan a idon mutumin karkara shi ne gidan mai da ke ɗauke da tambarin babban kamfani alhali wani Alhaji na garin ne mai shi.

A harkar gidaje tsarin ya bunƙasa a Amurka. An kafa Century 21 a Kalifoniya a 1971, RE/MAX a birnin Denba a 1973, Keller Williams a Tekzas a 1983. RE/MAX ya shahara da dabarar barin dillali ya riƙe kusan duk la'adarsa, shi kuma ya biya ofis kuɗin wata-wata. Shekaru da yawa la'adar gida a Amurka tana tsakanin kashi 5 zuwa 6 cikin 100, mai sayarwa ke biya, a raba tsakanin dillalinsa da na mai saye. A Oktoban 2023 wata kotun tarayya a jihar Mizuri ta samu ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar da wasu kamfanoni da laifin haɗa baki don hana la'ada sauka, aka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. A Maris na 2024 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 418 ta kuma sauya ƙa'idojinta.

A Najeriya, yarjejeniyar irin wannan da kamfanin waje sai an yi mata rajista a NOTAP, hukumar tarayya mai kula da shigo da fasaha daga waje. Amma tsarin bai sauka karkara ba, kuma dalilin a fili yake. Kamfanin da ke ba da hayar suna yana rayuwa ne da kason da yake iya lissafawa, cinikin ƙauye kuwa rabi da baki ake yin sa, wani sa'in a cika kuɗi da buhunan hatsi ko bijimi. Sannan sunan da mai saye ke nema a Ɓaɓura ko Kiru ba tambarin kamfani ba ne, sunan mutumin da zai iya zuwa ƙofar gidansa gobe idan wani ya taso ya ce gonar ta kakansa ce. Abin da tsarin ke da shi wanda karkara ke matuƙar buƙata shi ne ajiye rubutu, bayyana la'ada tun kafin a fara, da wurin kai ƙara idan wakili ya ci amana.

Sayarwa ba tare da dillali ba

Wannan tsohon abu ne a ƙauye. Mai gona yakan fara yi wa ɗan'uwa tayi, sannan maƙwabcin da ke iyaka da shi, kuma da yawa a nan ciniki ke ƙarewa ba wanda ya karɓi sisi na la'ada. Sabon abin shi ne sa hoton fili a WhatsApp ko Facebook ko shafin saye da sayarwa na Jiji, inda ɗan garin da ke aiki a Legas ko Fatakwal zai gani ya turo kuɗi ta waya.

Ribar a bayyane take, haɗarin kuma ya fi yawa ga wanda bai san kasuwa ba. Matar da ta gaji kaso a gidan mahaifinta, ko dattijon da bai san titi zai biyo ta gefen gonarsa ba, suna iya sallamawa a rabin kuɗi. Mai saye daga nesa kuma yana iya biyan filin da aka riga aka sayar wa mutum biyu. Ko a Amurka, inda komai ke rubuce, gidajen da masu su ke sayarwa da kansu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba a 'yan shekarun nan. A Ingila kamfanin Purplebricks, wanda ya zo da alkawarin maye gurbin dillali da shafin intanet da kuɗi ƙayyadadde, an sayar da shi a 2023 a kan fam 1.

Inda sana'ar ta dosa

Sauyin ya fi ƙarfi a gefen birni. A Kumbotso, Ungogo, Gezawa da Dawakin Kudu, gonakin da ake noma dawa jiya sun zama filayen awon igiya, a yanka su fuloti-fuloti ba tsarin hukuma, wani lokaci ba a bar hanya ko magudanar ruwa ba. Haka kewayen Dutse tun da ta zama hedikwatar Jigawa a 1991, musamman bayan kafa jami'ar tarayya a 2011, da garuruwan da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi zai ratsa irin su Dambatta da Kazaure. A waɗannan wurare an sami sabon nau'in ɗan kasuwa mai sayen gona ɗungurungum, ya yanka, ya buɗe ofis da allon suna, ya sayar da biyan kaɗan-kaɗan ta hannun matasa 'yan kamasho. Wannan shi ne abin da ya fi kama da hayar suna a yankin, sai dai ba ƙa'idar da ta ɗaure wakili da uban gidansa.

Aikin kai labari, wato sanin wa ke sayarwa da wa ke nema, waya ta riga ta ƙwace shi, kuma dillalin da wannan kaɗai ya iya kwanansa ya kusa ƙarewa. Aikin tabbatar da asalin fili kuwa yana ƙara tsada ne. Yanzu masu saye a kewayen Kano suna neman a kawo safiyo ya ɗauki awo da na'ura, a duba a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ko filin ya faɗa cikin shatar gwamnati, wasu har lauya suke kira ya rubuta yarjejeniya bayan ta dagaci. Na'urar tana nuna inda kusurwa take, amma ba ta faɗin cewa marigayin ya bar 'ya mace da ke aure a Gumel wadda ba a ba ta kasonta ba. Wannan sai an tambayi wanda ya halarci rabon gadon.