Me ake nufi da mayar da dabbar riƙo?

Masu sha'awar karnuka da maguna, waɗanda yanzu suna da yawa a Barnawa da Malali da Unguwar Rimi a Kaduna, sukan ci karo da hoton kare ya yi zugum a keji a wata ƙasar Turai, an rubuta cewa an dawo da shi karo na biyu. Nan take sai a yi ta tsine wa wanda ya dawo da shi. Kafin a tsine masa, ya kamata a san yadda abin yake.

A Ingila da Amurka akwai gidajen ceton dabbobi, inda ake tara karnuka da magunan da aka tsinta a titi ko aka ƙwace daga hannun masu azabtar da su. Tsohon tsari ne. Gidan Battersea na Landan wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa shi a 1860, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta ASPCA kuma Henry Bergh ya kafa ta a New York a 1866. Wanda ya je irin wannan gida neman dabba, ba saye ya je ba. Zai cike takarda, a tambaye shi ko gidan haya yake, ko akwai ƙananan yara, ko wa zai zauna da dabbar in ya tafi aiki. Wasu har gida suke zuwa su duba. Kuɗin da zai biya na rage wa gidan ɗawainiyar allurar rigakafi ne, da fiɗiya, da wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da ake sa wa dabbar a ƙarƙashin fata don a san mai ita. A Ingila tun 2016 doka ta wajabta sa wa kare wannan na'ura.

Daga nan sai sa hannu a yarjejeniya, kuma galibi akwai sharaɗi a ciki: in ka ga ba za ka iya ba, kada ka sayar, kada ka kyautar, kada ka saki a titi, ka dawo mana da abinmu. Cika wannan sharaɗi shi ne mayarwa. Ta bambanta da mutum ya kai dabbar da ya saya ko aka haifa a gidansa, don wannan miƙawa ce ta farko. Bahaushe ba zai sha wahalar ganewa ba, tunda ya san ɗan riƙo: in riƙon ya gagara, gidan da aka ɗauko yaro nan ake mayar da shi, ba a kora shi tasha.

Dalilan mayarwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mai gidan haya ya ce bai yarda ba, an haihu, wani a gidan gashin mage na tayar masa da asma, aiki ya tsaya, kuɗin likitan dabbobi ya fi ƙarfin aljihu. Amma wanda ma'aikatan gidajen suka fi kuka da shi shi ne hali: haushi cikin dare, fitsari a falo, yage kujera, cizo, faɗa da dabbar da aka tarar. A nan ne ake yawan zaluntar dabba. Karen da ya yi watanni a keji cikin hayaniyar 'yan uwansa, ranar da ya shiga sabon gida a firgice yake. Shi ya sa ma'aikatan suke yawan faɗa wa masu ɗauka su yi haƙuri da uku uku: kwana uku ya huce, mako uku ya gane tsarin gidan, wata uku ya saki jiki. Wanda ya mayar a mako na farko bai ga halin karen ba, tsoronsa ya gani. Akwai kuma ɗoki. Tun 1978 ƙungiyar da yanzu ake kira Dogs Trust take jan kunnen mutanen Birtaniya cewa kare na tsawon rai ne, ba na Kirsimeti kaɗai ba.

Mayarwa tana da illa. Dabba ta saba an raba ta, kuma takardarta ta nuna an taɓa dawo da ita, sai masu zuwa su riƙa tsallake kejinta. In gida ya cika, wasu wuraren a Amurka allurar mutuwa suke yi wa waɗanda suka rasa mai ɗauka. Ko gidajen da ake ce wa marasa kisa, ma'auninsu shi ne kashi 90 cikin 100 su fita da rai.

Duk da haka ni ban ga abin tsinuwa ba, musamman in na dubi yadda muke yi a Kaduna. Mage ta dami gida da sata ko haihuwa, sai a sa ta a buhu a ba yaro ya kai ta bola ko bakin mahauta. Matashi ya sayi ƙaton kare mai gashi, irin na ƙasashen sanyi, don gadi ko don a gani, zafin Maris ya zo, abincinsa ya zama ɗaukar Dala ba gammo, sai a ɗaure shi a rana ko a buɗe masa ƙofa. Karen da aka saki babu rigakafi matsalar unguwa ce gaba ɗaya, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da ciwon haukan kare daga kare suke ɗauka. Alhali ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana yin allurar, ga asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, kuwa ko yaran Islamiyya sun san shi.

Abin da za mu iya ɗauka shi ne sharaɗin kansa, kuma ba ya bukatar gini ko ƙungiya. Mai ba da kwikwiyo ko 'yar mage ya faɗa tun ranar bayarwa cewa in abin bai yiwu ba a dawo masa da ita, ba zai ji haushi ba. Mai karɓa kuma ya nemi katin rigakafi, ya tambayi mai gidan da yake haya tukuna.