Tambayoyi da Amsoshi Kan Fara Sana'ar Sharhin Ayyukan Fasaha a Jos

Mene ne ainihin aikin mai sharhin fasaha?

Aikinsa shi ne ya tsaya gaban zane, ko tukunya, ko sassaƙa, ko gini, ya ƙare masa kallo, sannan ya bayyana wa wanda bai gani ba abin da ke wurin da yadda aka yi shi. Yabo da suka suna zuwa ne daga baya. Masu farawa da yawa sukan yi gaggawar rubuta cewa aiki ya yi kyau matuƙa, alhali ba su gaya wa mai karatu sunan wanda ya yi shi ba, balle shekarar da aka yi shi, ko girmansa, ko kayan da aka yi amfani da su. A ganina, wanda bai iya siffantawa ba bai kai ga yanke hukunci ba tukuna.

Sai an yi digiri a fannin kafin a fara?

Ba dole ba ne, amma sanin tarihi wajibi ne. Duk wanda zai yi sharhi kan zanen zamani a Najeriya ya kamata ya san ƙungiyar da ɗaliban fasaha suka kafa a Zariya a 1958, wadda ta ƙunshi Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, domin su ne suka dage kan haɗa dabarun da aka koya musu a aji da zane-zanen gargajiyar garuruwansu.

Daga ina mazaunin Jos zai fara?

Daga Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 bisa ƙoƙarin Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi. Sassaƙe-sassaƙen yumɓu na Nok (tsohuwar al'umma da aka sa wa sunan wani ƙauye a kudancin Jihar Kaduna) da ke ajiye a can, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, sun haura shekara 2,000, kuma sun isa su zama makarantar farko ga marubuci. Ya zaɓi kai guda ɗaya, ya zauna da littafinsa, ya lura da idon da aka yi mai kusurwa uku, da ramin da aka huda a tsakiyarsa, da hujin hanci da na baki, da irin gyaran gashin da aka ɗora a kai, sannan ya tambayi kansa ko hujin nan ado ne kawai ko kuwa yana taimaka wa yumɓun lokacin gasawa a wuta don kada ya fashe. Daga nan sai ya taka zuwa sashen gine-ginen gargajiya da ke harabar, inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa. Idan ya iya bayyana yadda bakan ginin ke ɗauke da rufin har mai karatu ya ji kamar yana tsaye a ƙarƙashinsa, to hannunsa ya fara faɗawa.

Ginin tukwane da dukanci da surfani suna cikin abin da ake sharhi a kai?

Ƙwarai kuwa, kuma abin takaici ne yadda ake raina su. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da hannu take gina tuluna irin na Gwari tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew, wani magini ɗan Ingila, a 1954, a garin da ake kira Abuja a lokacin, wato Suleja ta yau. Dukawan Naraguta kuma suna nan kusa da Jos. Marubuci ya je da ladabi, ya gaisa, ya ce: “Baba, don Allah me ya sa aka fara da wannan launi?” Amsar da zai samu ta fi abin da zai tsinta a intanet, kuma kada ya ɗauki hoto sai da izini.

Da Hausa za a rubuta ko da Turanci?

Wanda ya iya duka biyun ya yi da duka biyun, sai dai filin Hausa ya fi buƙatar ma'aikata, domin masu karatu suna da yawa, masu irin wannan rubutu kuwa kaɗan ne.

Za a iya cin abinci da wannan sana'a?

Da wuya ta riƙe mutum ita kaɗai a farko, kuma duk wanda ya ce akasin haka bai faɗi gaskiya ba. Kuɗin yakan zo ne daga wurare dabam-dabam: maƙala a jarida, shirin rediyo, fassara, da rubuta bayanan da ake bugawa lokacin baje kolin zane, musamman a Legas da Abuja inda ɗakunan nuni suka fi yawa. Kafin a tunkari edita, a tanadi sharhi uku ko huɗu da aka tace sosai, a aika da gajeriyar wasiƙa mai bayyana baje kolin da ake son rubutawa a kai da ranar da za a miƙa aikin. Wajibi ne kuma a raba aiki biyu. Idan mai zane ya biya marubuci don ya rubuta masa bayanin baje kolinsa, wannan halattaccen aiki ne, amma bai dace marubucin ya koma jarida ya yi sharhin wannan baje kolin ba tare da ya sanar da edita da masu karatu cewa an biya shi ba.