Ƙwallon ƙafa ko na kwando: wanne ya fi tashe a ofisoshin Amurka?

Me ya haɗa wasannin ɗalibai da ma'aikatan ofis?

A Amurka, jami'ar da mutum ya yi tana bin sa har tsufa. Ƙungiyoyin jami'o'i suna da magoya baya kamar manyan kulob na Turai. Filin ƙwallon ƙafar Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Ƙwallon ƙafar da ake nufi a nan irin tasu ce, wadda ake runguma a hannu ana gudu.

Yaya masoya ƙwallon ƙafa suke a wurin aiki?

Yawancin wasannin ranar Asabar ake buga su, daga ƙarshen Agusta zuwa Janairu, don haka abin da ke isowa ofis labari ne da zolaya. Ranar Juma'a a sa rigar makaranta, ranar Litinin wanda aka ci ya sha tsiya. A jihar Alabama, idan Jami'ar Alabama ta kara da Auburn, wanda ya sha kashi sai ya haƙura da gori har shekara ta zagayo. Haka abin yake tsakanin Michigan da Ohio State. Ƙauna ce mai zurfi, galibi ta gado, amma wanda ba shi da ƙungiya ɗan kallo ne kawai.

Ƙwallon kwando fa?

In ka cire jihohi irin su Kentucky, Indiana, Kansas da North Carolina, ba a cika damuwa da ita ba sai watan Maris, lokacin gasar da ake kira March Madness. An fara ta a 1939, a 2011 aka kai ƙungiyoyinta 68, kuma duk wadda aka doke sau ɗaya ta koma gida. Wasannin zagayen farko ranakun Alhamis da Juma'a ake yin su, tun da tsakar rana, ana tsaka da aiki. Har tashar CBS ta taɓa sanya wani maɓalli a shafinta: oga na tunkarowa, ka danna, wasa ya ɓace, takardar lissafi ta bayyana.

Me ya sa har waɗanda ba su san wasan ba suke shiga?

Saboda jadawalin hasashe. Kowa a ofis yakan cike takarda, ya faɗi wanda zai ci kowane ɗaya daga cikin wasanni 63 da ake bugawa bayan an rage ƙungiyoyin zuwa 64. Wasu ofisoshin kan yi karo-karon kuɗi, wanda caca ce ƙarara. A wasu kuwa, yin suna kawai ake nema. Ba a taɓa tabbatar da wanda ya dace da duka 63 ba. A 2018 ƙaramar jami'ar UMBC da ke jihar Maryland ta fitar da Jami'ar Virginia, wadda ke kan gaba a gasar, takardun masana suka lalace. Shi ya sa sakatariyar da ta zaɓi ƙungiyoyi saboda launin riga takan iya kayar da manajan da bai taɓa fashin kallo ba. Barack Obama ma yakan cike nasa a tashar ESPN lokacin da yake mulki.

To wanne ya fi?

A zafin so, ƙwallon ƙafa. Amma a cikin ofis ni na ba ƙwallon kwando, domin ita ce ke sa masinja da shugaban kamfani su tsaya gaban allo ɗaya suna gardama har tsawon mako uku.