Ficewar likitoci daga shirin Medicare a Amurka

Ficewar likitoci daga Medicare hanya ce da dokar Amurka ta buɗe wa likita don ya daina karɓar ladan aikinsa daga inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, ya koma yin ciniki kai tsaye da majinyacinsa. Medicare shi ne shirin da ke ɗaukar nauyin jinyar waɗanda suka kai shekara 65 da wasu masu naƙasa, kuma a yau sama da mutum miliyan 60 ne ke cikinsa. Maganar ficewa takan taso duk lokacin da aka tashi gyaran tsarin kiwon lafiya, sai dai masu barazanar fita sun fi masu fitar yawa nesa ba kusa ba.

Asalin takaddamar

Tun kafin a kafa shirin likitoci suke adawa da shi. Ƙungiyar Likitocin Amurka, wadda aka fi sani da AMA, ta shafe shekaru tana yaƙar duk wani yunƙuri na sa hannun gwamnati a biyan kuɗin magani, har a 1961 ta ɗauki muryar Ronald Reagan a faifai, lokacin yana ɗan wasan fim, yana gargaɗin cewa irin wannan shiri ƙofa ce ta gurguzu. Da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar ranar 30 ga Yuli, 1965 a garin Independence na jihar Missouri, wasu likitoci sun yi kira da a ƙaurace mata, amma ƙungiyar ba ta amince da ƙauracewar ba, kuma shirin ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1966.

Abin da ya kwantar da ƙurar yana cikin dokar kanta. An rubuta a farkonta cewa babu jami'in gwamnatin tarayya da zai tsoma baki a yadda likita ke aikinsa, sannan aka amince a riƙa biyan likitoci gwargwadon farashin da suka saba karɓa, muddin bai zarce na takwarorinsu na yankin ba. Wannan tsari ya yi wa likitoci daɗi ƙwarai, ya kuma sa kuɗin da shirin ke kashewa ya yi ta hauhawa.

Daga nan Majalisar Dokoki ta fara ja da linzami. A 1984 aka raba likitoci gida biyu: waɗanda suka sa hannu cewa za su karɓi farashin Medicare a matsayin cikakken lada, da waɗanda ba su sa ba. Dokar 1989 ta kawo jadawalin farashi na ƙasa baki ɗaya, wanda ya fara aiki a 1992, ta kuma sa iyaka ga rukuni na biyu. Likitan da bai sa hannu ba ana lissafa masa kashi 95 cikin 100 na farashin jadawalin, kuma ƙarin da zai iya ɗora wa majinyaci ba zai wuce kashi 15 cikin 100 na wannan adadin ba. A waɗannan shekarun ba a fayyace ko likita da tsoho za su iya yin yarjejeniya a wajen shirin ba, kuma an kai batun kotu ba tare da an samu hukuncin da ya raba gardama ba.

Dokar 1997

Sashe na 4507 na dokar daidaita kasafin kuɗi ta 1997 ne ya halatta ficewar a fili, bisa ƙoƙarin Sanata Jon Kyl na Arizona, ta kuma fara aiki a farkon 1998. An gindaya mata sharaɗi mai nauyi, wanda da alama shi ne babban dalilin ƙarancin masu bin hanyar. Likita ba zai zaɓi wasu majinyata ya karɓi kuɗinsu ya bar wasu a kan Medicare ba. In ya fita, ya fita ke nan ga kowa har tsawon shekara biyu. Dole ya miƙa takardar rantsuwa, ya kuma ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da kowane majinyaci, inda majinyacin zai amince cewa shi zai biya daga aljihunsa, babu iyakar farashi, kuma Medicare ba za ta mayar masa da ko sisi ba. An hana neman sa hannun mutum a irin wannan takarda lokacin da yake buƙatar taimakon gaggawa. Da farko sai an sabunta rantsuwar duk shekara biyu, amma daga tsakiyar 2015 tana sabunta kanta sai in likitan ya soke ta.

Lokacin gyaran 2010

Dokar 1997 ɗin dai ce ta zo da wani ma'aunin lissafi da ake kira SGR, wanda ya ɗaure ladan likitoci da bunƙasar tattalin arziki. A 2002 ya jawo ragin kusan kashi 5 cikin 100, kuma daga 2003 Majalisa ta riƙa ɗage ragin da dokokin wucin gadi har sau 17, bashin yana taruwa. Lokacin da Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar gyaran kiwon lafiya ranar 23 ga Maris, 2010, ragin da ke jiran likitoci ya kai kusan kashi 21 cikin 100. Saboda abubuwan biyu sun zo lokaci guda, jama'a da dama sun ɗora wa sabuwar dokar alhakin ragin da ya girme ta da shekara 13. A farkon shekarar ne kuma wani reshen asibitin Mayo Clinic da ke Glendale a Arizona ya daina karɓar Medicare wajen duba marasa lafiya na yau da kullum a matsayin gwaji, labarin da jaridu suka yayata sosai. An soke ma'aunin SGR a watan Afrilun 2015.

Yawan masu ficewa

Alƙaluman gwamnati na 'yan shekarun nan sun nuna cewa kimanin kashi 1 cikin 100 ne na likitocin da ke duba manya suka fice a hukumance. Likitocin lafiyar ƙwaƙwalwa ne suka fi yawa a cikinsu, wajen kashi 40 cikin 100, domin aikinsu bai dogara da asibiti ko kayan aiki masu tsada ba. Waɗannan alƙaluman ba su haɗa da likitocin da ke cikin shirin amma suka daina karɓar sababbin majinyata ba.

Medicaid, shirin marasa galihu da jihohi ke gudanarwa tare da tarayya, ya fi fama da ƙin karɓa saboda ladansa ya gaza na Medicare a yawancin jihohi.

Muhawara

Masu goyon bayan sassauta sharaɗin shekara biyu suna ganin haƙƙin likita da majinyaci ne su yi cinikinsu. Masu adawa suna cewa hakan zai raba tsofaffi gida biyu, masu iya biya da marasa iyawa. An sha gabatar da ƙudurorin sassautawa a Majalisa, amma sharaɗin yana nan.