Me ake nufi da sansanin tsare fararen hula?

A labaran yaƙi ana yawan jin cewa an kwashe mutane an kai su sansanin tsarewa, sai mai sauraro ya ɗauka gidan yari ake nufi. Akwai bambanci. Wanda ke gidan yari alƙali ne ya tura shi, kuma ya san ranar fitarsa. Fursunan yaƙi soja ne da ya faɗa hannun abokan gaba. Shi kuwa farar hular da aka tsare bai ga kotu ba, ba a karanta masa laifi ba, ba a yanke masa wa'adi ba. Gwamnati ce ta ce tana tsoron abin da zai iya aikatawa gobe. Sau da yawa tsoron bai da tushe sai asalin mutum, wato iyayensa ko kakanninsa sun fito daga ƙasar da ake yaƙi da ita, sai a yi musu kuɗin goro.

Abin da ya sami Japanawan Kanada a Yaƙin Duniya na Biyu ya isa misali. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojojin ruwan Amurka, ranar 7 ga Disamba 1941, hukumomin Kanada sun kama jiragen kamun kifi kusan 1,200 na Japanawan da ke lardin British Columbia. A watan Fabrairun 1942 gwamnatin Firaminista Mackenzie King ta ba da umarnin kwashe duk mai jinin Japan daga bakin tekun Fasifik, a nisanta shi da mil 100. Mutum kusan 22,000 abin ya shafa, kuma wajen kashi uku cikin huɗu nasu a Kanada aka haife su ko sun riga sun zama 'yan ƙasa. Manyan sojoji da 'yan sandan tarayya sun shaida wa gwamnati cewa ba su ga wata barazana daga mutanen nan ba. 'Yan siyasar lardin ne, waɗanda suka daɗe suna ƙyashinsu, suka matsa har aka yi.

Dubbai daga cikinsu an fara tara su a Hastings Park da ke birnin Vancouver, filin baje kolin dabbobi. Mata da yara suka kwana a ɗakunan da ake ɗaure dawaki da shanu, warin kashin dabbobi bai bar wurin ba, bargo suke ratayawa ya zama musu labule. Daga nan aka watsa su. An tura maza aikin hanya, wasu iyalai suka karɓi aikin gonakin gwozar sukari a Alberta da Manitoba don kada a raba su, mafi yawa kuma aka kai su can cikin duwatsu, wurare irin su Slocan, New Denver, Kaslo da Tashme, inda iyali biyu kan raba ƙaramar bukkar katako a cikin sanyin ƙanƙara. Mazan da suka ƙi rabuwa da iyalansu an kulle su a Petawawa da Angler a lardin Ontario.

Abin da ya fi min ciwo shi ne batun dukiya. An ce musu su bar gidaje da gonaki da shaguna a hannun wani ofishin gwamnati amana. A watan Janairun 1943 aka ba ofishin izinin sayarwa ba tare da yardar masu su ba, aka sayar a wulaƙance, sannan daga kuɗin ake cire abin da ake ciyar da su a sansanin. Mutum da guminsa aka biya kuɗin tsare shi.

Idan da gaske tsaro ne dalili, ƙarshen yaƙi ya kamata ya zama ƙarshen tsarewa. A watan Agustan 1944 King da bakinsa ya faɗa wa majalisa cewa babu wani Bajapane haifaffen Kanada da aka tuhuma da zagon ƙasa. Duk da haka a 1945 aka ba su zaɓi biyu: su ƙaura gabas da duwatsun Rocky, ko su sa hannu a kai su Japan. Japan ta miƙa wuya a watan Agustan shekarar, amma a 1946 an ɗora kusan mutum 4,000 a jirgin ruwa zuwa ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, da yawansu yara ne da ba su taɓa taka ta ba. Amurka, wadda ita ma ta tsare nata Japanawan, ta ƙyale su su koma bakin teku tun farkon 1945. Kanada ba ta ɗage takunkumin ba sai 1 ga Afrilu 1949, lokacin kuwa babu gidan da za a koma.

Ba su kaɗai ba ne. A ƙarƙashin dokar yaƙin Kanada ta 1914, wadda ita aka sake ɗaukowa a kansu, an tsare mutum 8,579 tsakanin 1914 da 1920, mafi yawansu 'yan asalin Ukraine, sannan an tsare Italiyawa wajen 600 a yaƙi na biyu.

Dokar duniya ba ta haramta tsare farar hula kwata-kwata ba, amma ta ɗaure shi da sharuɗɗa. Yarjejeniyar Geneva ta huɗu ta 1949 ta ce sai idan tsaron ƙasa ya tilasta ƙwarai, wanda aka tsare yana da haƙƙin a sake duba lamarinsa aƙalla sau biyu a shekara, kuma a sake shi da zarar dalilin ya kau.

Ranar 22 ga Satumba 1988 Firaminista Brian Mulroney ya nemi gafara a majalisa, bayan shekaru ƙungiyar Japanawan Kanada ƙarƙashin Art Miki tana fafutuka. An biya kowane wanda ke raye dalar Kanada 21,000, an ware dala miliyan 12 ga al'ummar, an kuma buɗe ƙofar mayar da takardar zama ɗan ƙasa ga waɗanda aka kora. A shekarar ne aka soke dokar ta 1914, aka maye gurbinta da wadda ta hana tsare ɗan ƙasa saboda launin fatarsa, addininsa ko asalinsa.