Waiwaye: Yadda maganin ciwo ya koma kayan maye a Kebbi

Duk wanda ya taɓa jinyar mai cutar daji ko mai amosanin jini ya san ranar magungunan kashe raɗaɗi. Tushensu ƙaron wani fure ne, ofiyom, wanda wani Bajamushe mai haɗa magani, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga cikinsa a farkon ƙarni na 19. Kodin ya biyo baya a 1832. Ita kanta hiroyin, da yau ake ɗaure mutum a kanta, kamfanin Bayer ne ya fito da ita kasuwa a 1898, wai maganin tari. Aikinsu shi ne dushe zafin ciwo da kawo barci. Amma jiki na sabawa da su, kullum sai an ƙara, in kuwa aka zarce, numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya.

A Nijeriya Turawan mulkin mallaka ne suka kafa doka kan miyagun ƙwayoyi a 1935. Sojoji suka zo a 1966 da dokar da ta kai hukuncin noman tabar wiwi har ga kisa. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙara tsanantawa a 1984, kuma a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas kan safarar ƙwaya. Sai a 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi.

Duk tsawon wannan lokaci idon hukuma na kan filin jirgin sama da gonakin wiwi. Abin da ya ci mana matasa a nan kuwa ta ƙofar kemis ya shigo, cikin kwali mai tsabta, da sunan magani.

Ɗauki tiramadol, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1977. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, amma wanda ke yawo a tasha da rumfar mai shayi 225 ne. Galibinsa daga Indiya ake yo shi, a sauke a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma. Kebbi kuma ga iyakar Nijar ga ta Benin. Daga Kamba zuwa Dole Kaina da Lolo, hanyoyin babur sun fi ƙarfin jami'an da ke gadi. Masu sha da yawa ba don holewa suka fara ba. Lebura ne zai yini yana yankan shinkafa a fadamar Argungu, ko ɗan kabu-kabu da bayansa ya riƙe, ya ɓare ɗaya ya kora da ruwan leda don ya samu ƙarfin aiki. Bayan 'yan watanni, in bai sha ba ko tashi ba ya iyawa. Wani a kan babur jijjiga za ta kama shi kamar mai farfaɗiya, jama'a su ce iskokai ne.

Kodin kuwa ɗakunan mata ya kutsa, a juye cikin kwalbar lemo. Sai da BBC ta fallasa cinikinsa a 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya ya fitar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, miliyan 4.6 daga ciki da irin waɗannan magungunan asibiti, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce.

Abin takaicin, mofin ɗin da likita ke buƙata ya yi ƙaranci a asibitocinmu, saboda tsauraran ƙa'idojin ajiya da tsoron shiga hannun hukuma. Mai jinya da ya gaji da jin nishin ɗan'uwansa cikin dare, shi ma kemis ɗin unguwa yake nufa.